Rabin Maganar Likita Kawai Na Gaya wa Matata

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da duk masu karanta shi. Ina roƙon a ɓoye sunana da lambata. Na san akwai masu saurin yanke hukunci a nan, ni ma na sha karanta maganganunsu a ƙarƙashin wasiƙun wasu ina gyaɗa kai. Roƙona shi ne a karanta har ƙarshe kafin a zage ni. Zagin na riga na yi wa kaina, shawara ce ba ni da ita, kuma kwana huɗu kacal suka rage mini.

Ni magidanci ne, ina zaune a wani gari da ke kan hanyar da ta tashi daga Bagudo ta nufi iyakar Benin. Ba zan faɗi sunan garin ba, domin ƙarami ne, kuma gida ɗaya ne a cikinsa yake da irin abin da zan bayyana. Na yi shekaru ina aikin fassara da karanta labarai a wani gidan rediyo kafin in dawo gida in kama noma da koyarwa. Ina jin Faransanci, domin a tsallaken iyakar na yi firamare a hannun kawuna. Na kawo wannan ne saboda da shi na aikata abin da na aikata. Matata, zan kira ta Hajaru, 'yar Bahindi ce, 'yar gidan masunta, Hausa kawai take ji.

Gidanmu a bakin titi yake, daidai inda manyan motoci ke tsayawa su jira layi kafin shingen jami'ai. Motocin nan ana loda musu buhuna har su wuce katanga tsawo, kuma kullum akwai mutane zaune a saman kaya. Wata huɗu da aurenmu na dawo da la'asar na tarar da wata mota tsaye jikin katangata, mutum uku a sama suna kallon cikin gidana hankali kwance kamar masu kallon dambe. Hajaru tana wanki, ba ɗankwali a kanta. Ɗaya ya ɗaga murya ya ce mata sannu da aiki amarya, sauran suka kwashe da dariya. Ita ba ta ma san da ita ake ba sai da ta ɗaga kai. Ban yi faɗa da kowa ba, ni ba mai hayaniya ba ne. Washegari na sa aka ƙara wa katanga layin bulo uku. Bai yi ba, motocin sun fi shi. Sai na kira kafinta na ce ya kafa ginshiƙai ya rufe mini tsakar gida gaba ɗaya da kwano, daga bakin zaure har madafa, har bakin makewayi. Ya tambaye ni sau biyu ko gaba ɗaya nake nufi, na ce abin da na faɗa ke nan.

Hajaru ba ta yi mini gardama ba, ba halinta ba ne. Amma ranar da aka zo buga layin ƙarshe ta same ni a zaure, ta durƙusa, ta ce in bar mata ko da faɗin tabarma ɗaya ne a wajen madafa, don ta riƙa shanya kuɓewa da kayan wanki, kuma ita a gidansu ta saba da safe ta zauna rana ta taɓa ta. Na ce faɗin tabarma ɗaya ya ishi idon ƙato. Na ce shanya a riƙa kai wa maƙwabta. Ta ce to, Malam. Shi ke nan maganar. Kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kaina. A lokacin magana ta sutura da kare iyali ita ce a bakin kowa, a masallaci da majalisa. Limaminmu ya kawo misalin wani bawan Allah da ya rufe gidansa saboda kishin addini, bai ambaci suna ba, amma duk sahu an waiwayo an dube ni. Mutum ɗaya ce ta yi mini ba'a, yayata, wadda ke fataucin atamfa tsakanin nan da tsallake. Ta shigo ta ɗaga kai ta ce, "Ɗan rediyo, mata ka aje ko albasa? Wanga ai sito ne." Na yi dariya na ce ita ba ta san komai ba sai kasuwa.

Hajaru ba ta fita, sai da dalili mai ƙarfi, in ma za ta fita da hijabi har ƙasa da safa. Haka ta yi wata takwas a ƙarƙashin kwano kafin ta sami ciki, haka kuma ta yi goyon cikin. Tun farkonsa ta tsani kifi. 'Yar masunta, wadda aka yaye da romon tarwaɗa, ta koma ko warinsa ta ji sai amai. Muka mai da abin wasa, ina tsokanarta cewa ɗan nan nawa ne, manomi ne, ba ruwansa da dangin uwa. Daga wata na huɗu ta soma kukan ƙafafu da ƙugu. In ta zauna a ƙasa sai ta dafa bango ta tashi. Na ce ciki ne, kowace mace haka take yi. Ina na san yadda kowace mace take yi? Cikin fari ne gare ta, ni ma na fari ne gare ni. An shirya in ya cika wata bakwai za ta tafi Bahindi goyon ciki wurin mahaifiyarta, Inna. Saura kwana shida tafiyar naƙuda ta kama ta da hantsi.

Asibitin da ya fi kusa da mu mai kwalbar jarirai a tsallake yake, can muka nufa. Ta haifi namiji, bakwaini, zan kira shi Sa'adu. Wanda bai taɓa ganin numfashin bakwaini ba ba zai gane abin da nake nufi ba. Ƙirjin nan da bai wuce tafin hannuna ba yana lotsawa ciki duk jan numfashi, har ana ƙirga haƙarƙari, yana wani ɗan gurnani kamar mai ɗaga kaya, leɓensa ya yi duhu. Aka sa shi a kwalba, aka saka masa robar iska a hanci. Kwana goma sha tara muka yi. Sau biyu numfashin yana tsayawa a gabana, nas ta murza masa tafin ƙafa ya dawo.

Likitan ba ya jin Hausa. Ma'aikatan jinya yaren Dendi suke yi da Faransanci, Hausarsu ta gaisuwa ce da ciniki. Saboda haka duk maganar da ta shiga tsakanin likita da Hajaru ta bakina take bi. Ya lura da yadda take tafiya tana dafa gado, ya matsa mata ƙashin ƙwauri ta yi ƙara, sai ya sa aka ɗebi jininta da na yaron aka aika babban gari. Ranar da sakamako ya dawo ya zo bakin gadonta da takarda, ya ce in fassara mata. Zan faɗi abin da ya ce yadda ya faɗe shi, domin ban manta ko kalma ɗaya ba. Ya ce akwai wani sinadari da ake kira bitamin D, ya yi ƙasa ƙwarai a jininta, haka ma a jinin yaron. Ya ce jariri daga jikin uwa yake ɗiban nasa, mafi yawa a watannin ƙarshe, to Sa'adu bai kai watannin ba, kuma ɗan abin da ya samu daga wurin wadda ba ta da shi ya samo. Ya ce bakwaini ko yaya ne huhunsa bai nuna ba, amma likitoci na lura cewa waɗanda suka zo da ƙarancin wannan sinadari sukan fi shan wahalar numfashi, su fi daɗewa a kan iska. Ya ce ba zai rantse cewa shi kaɗai ne sanadi ba, bai kuma ce shi ya sa aka haife shi kafin lokaci ba. Sannan ya ce ana samun kaɗan a kifi da ƙwai, amma mafi yawansa fatar mutum ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta. Ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, ƙasar nan rana ta yi mana yawa, ta yaya mace za ta rasa ta haka? Ya tambaya, a gida tana samun rana kuwa?

Hajaru ta dube ni ta ce, "Malam, mi ya ce?"

Ku fahimce ni, ban yi shiri ba. Amma ba zan ce bakina ne ya kuɓuce ba, domin na san aikin sarai. A gidan rediyo kullum akan ba ka labari mai tsawo a ce ka mai da shi layi uku, kai ne za ka zaɓi abin da zai shiga da abin da za a bari. Abin da na yi ke nan, cikin daƙiƙa biyu. Na ce mata likita ya ce akwai wani sinadari da ya yi ƙaranci a jikinta da na yaron, shi ya sa yake wahalar numfashi, kuma a kifi ake samunsa. Na tsaya nan. Na juya wurin likita na ce masa da Faransanci e, tana samun rana daidai gwargwado, sai dai ta ƙi kifi tun farkon ciki. Ya ɗaga kafaɗa, ya rubuta wa yaron magani na ɗigawa a baki kullum, ya rubuta mata ƙwayoyi na wata uku, ya ce ta riƙa zama a rana da safe, hannu da ƙafa a buɗe, ko a cikin gida ne. Na gaya mata maganin ɗigawa, na gaya mata ƙwayoyi. Ta rana ban faɗa ba.

Hajaru ta juya fuska bango. Can ta ce, a hankali, "Ashe ni ce." Na ce ba haka ba ne, ƙaddara ce, Allah ne ke yin komai. Kun ga irin rarrashin? Na ɗora mata kaya da hannun dama, ina shafa mata baya da na hagu.

Da aka sallame mu ta wuce Bahindi wankan jego. Ita da bakinta ta gaya wa Inna abin da likita ya ce, wato abin da na ce likita ya ce. Inna mace ce mai faɗa, mai son 'ya'yanta da zafi. A gabana ta ce mata 'yar masunta ta ƙi kifi don iyayi, ta auri ɗan boko ta ga abincin gidansu ya yi mata ƙarni, ga shi nan ta kusa kashe ɗan mutane. Ta juyo gare ni ta ce in yi haƙuri, su ne ba su yi mata tarbiyya ba. Surukata tana ba ni haƙuri, ni kuma ina sunkuye ina cewa ba komai Inna, ya wuce. Wane irin mutum ne ke iya zama a kan tabarmar nan ya karɓi haƙurin? Ga shi ni na iya. Wata biyu Hajaru ta yi a can. Gidan Inna fili ne fetal, rana tun daga fitowarta har faɗuwarta, can ake wanka, can ake shan kunun kanwa, can ake shanya komai. Ana ɗura mata romon kifi safe da yamma, tana shan ƙwayoyinta. Ta dawo tana tafiya garau, ƙafa ta daina ciwo. Kowa ya ce ga amfanin kifi nan. Ni kaɗai na san akwai abu na uku da ya yi aiki, na kuma dawo da ita ƙarƙashin kwano na yi shiru.

Sa'adu ya rayu, alhamdu lillahi. Yanzu shekararsa ɗaya da wata biyar. Maganin ɗigawar nan ban taɓa bari ya tsallake rana ɗaya ba, ni da kaina nake ba shi bayan sallar asuba, kuma kullum da hantsi ina ɗaukarsa in fita da shi ƙofar gida, mutane na cewa Malam akwai son ɗa. Amma ƙirjinsa bai zama kamar na sauran yara ba. Mura kaɗan sai ya kama shaƙa, ka ji numfashinsa na fito kamar ana busa ƙaramin usur. Duk lokacin da hakan ta faru Hajaru takan ɗora kunnenta a bayansa ta daɗe, in ta ɗago sai ta ce masa, "Ka yafe mini, ɗan baba." Yaron da bai iya magana ba take neman gafararsa. Na ji wannan ya fi sau ashirin. Kowane karo ina buɗe baki, sai in ji kaina ina tambaya ko ruwan zafi ya tafasa.

Za ku ce me ya hana ni cire kwanon kawai, ba sai na yi bayani ba? Na gwada. Da bazarar da ta wuce na kira kafinta ya cire falle uku a wajen madafa, na ce zafi ya yi yawa. Na tafi makaranta na dawo na tarar ta sa an ɗaura tsofaffin buhuna da tabarma a wurin. Na tambaye ta dalili, ta ce wata mota ta tsaya ta ga kawunan mutane, kuma ba ta son a ce gidan Malam da liman ya yaba ya koma kamar na kowa. Ta ce ita ta saba yanzu, har ma ta fi son haka, kaya ba sa jiƙewa in an yi ruwa. Ta ce ta riga ta jawo mini abu ɗaya, ba za ta bari a ƙara da surutun mutane ba. Na tsaya ina kallon buhunan. Abin da ta durƙusa ta roƙe ni a kansa na hana ta, yau ita ke tsare mini shi. Na ce mata ta riƙa fitowa zaure da safe ko ta leƙa gidan maƙwabta ta sha iska, ta yi dariya ta ce yaushe Malam ya canza, ko gwada ta nake yi? Ba yadda zan sa ta zauna a rana hannu da ƙafa a buɗe ba tare da na faɗi dalili ba, dalilin kuma shi ne abin da na binne.

Yanzu ga inda nake. Hajaru tana da ciki wata huɗu. Ƙin kifin ya dawo kamar wancan karon, har ya fi. Amma wannan karon ba ta yarda ta ƙi ba. Kullum sai ta sa an sayo, ta dafa tana toshe hanci da gefen zane, ta zauna ta tura, ta tashi da gudu ta amayar, ta wanke baki ta dawo ta ƙarasa sauran. Na ce ta bari, ta ce ba za ta sake ba. Ta rame. Na sayo mata irin ƙwayoyin wancan karon, tana sha, wasu su zauna wasu su fito tare da kifin. Makon jiya na ga ta dafa bango za ta tashi. Na san wannan dafawar. Ban ce lallai abin da ya sami Sa'adu zai sami wannan ba, likitan ma bai ce haka ba, kuma na karanta abin da zan iya karantawa, na ga masana kansu ba su gama tantance iyakar tasirin abin ba. Ina riƙe wannan in lallashi kaina da shi. Amma in akwai abu uku da aka ce a yi, na ɓoye wanda ya fi girma, wanda kuma ba ya sa amai, da wane baki zan ce na yi iya ƙoƙarina in aka sake sa mini ɗa a kwalba?

Ba tsoron Allah ne kaɗai ke damuna ba, da shi kaɗai ne da tuni na faɗa. Zan faɗi gaskiya tunda ba a san ni ba. Ina tsoron idonta. Hajaru ta ɗauka ni mutum ne da ba ya ƙara wa magana ba ya rage mata. In mata suka yi gardama a kan wani labari a gidan suna, cewa take yi bari in tambayi Malam. In na gaya mata, ba kwano kawai za ta ji ba. Za ta tuna ranar da ta juya fuska bango, ta tuna faɗan Inna, ta tuna duk kwanon kifin da ta tura tana hawaye ina zaune ina kallo. Shekara ɗaya da wata biyar. Kuskuren rufe gida kowa zai iya yi, ban sani ba a lokacin. Amma wanda na yi a bakin gadon asibiti da sanina na yi shi, kuma kowace safiya tun daga ranar sabunta shi nake yi. Sannan ga Inna. In koma Bahindi in durƙusa in ce haƙurin da kika ba ni ki karɓi abinki, 'yarki ba ta yi komai ba? Ga liman, ga majalisa, in an ga kafinta yana sauke kwano me zan ce? In ce sutura ce ta cutar da iyalina? Ba haka ba ne, kuma ba na son a fassara ni haka. Gidan Inna ma ai akwai sutura, ga katanga ga rana. Addini bai ce in toshe sama ba, ni na ƙara wannan daga kishina, na kuma ji daɗin yabo. Da na yi tunani da kara ko zana na ɗaga ta gefen titi kawai na bar sauran a buɗe.

Abin da ya sa na ce kwana huɗu suka rage shi ne, Hajaru ta dage wannan karon a asibitin tsallake za ta yi awo, wurin likitan da ya ceci Sa'adu. Ranar Alhamis ne. Ni ranar ina da jarrabawar ɗalibai, sai ta ce ba komai, ta riga ta yi magana da Yaya, za su tafi tare tunda ranar take ƙetarawa saro kaya. Yayata tana jin Faransancin kasuwa, ya ishe ta ta gane rana da kifi, kuma ita ba ta san rage magana ba, ƙari ma take yi. Na san likitan zai sake tambaya. Ina da hanyoyi, na ƙirga su duka. Zan iya cewa ban yarda ta je ba, ba za ta je ba. Zan iya neman wani ya tsare mini aji in raka ta, in sake tsayawa tsakaninta da likita in yi abin da na iya. Zan iya samun Yaya a gefe in roƙe ta, ta zage ni tas sannan wataƙila ta rufa mini asiri, wataƙila kuma ta tona shi a cikin mota tun kafin su kai shinge. Ko in bari su tafi, Hajaru ta ji daga bakin wani, a gaban mutane, ta dawo ta same ni. Ko in zaunar da ita kafin ranar. Kowace na ɗauka sai in ajiye. Na rubuta yadda zan fara maganar sau shida, ni da rubuta magana ne sana'ata, duk na yage.

Yau da safe bayan na ba Sa'adu maganinsa ta kawo mini takarda da biro. Ta ce tana tsoron in ta ga likita kunya ta hana ta magana, ko Yaya ta cika shi da surutu a manta da abin da ya kai su, don haka in rubuta mata tambayarta da Faransanci ta miƙa masa da hannunta. Na ce ta faɗa. Ta gyara zama ta ce:

"Ka rubuta, likita na gode da ɗana. Na ji laifina na wancan karon, yanzu kullum ina cin kifi ko da ba ya zama. Amma ƙafafuna sun soma irin wancan ciwon. Don Allah ka gaya mini, mi ya rage ban yi ba?"

Na rubuta. Wannan karon ban rage ko kalma ɗaya ba, hannuna ya ƙi. Ta karɓa ta ninke ta sa a jakar hijabinta, ta ce Allah ya saka da alheri, Malam, ta tashi tana dafa bango ta nufi madafa.

Amsar tambayar nan tana bakina, ta fi shekara tana nan. Jama'a, musamman matan da ke wannan shafi, ku gaya mini tsakani da Allah: in ke ce, gara ki ji daga bakin mijinki ko da zai zube a idonki, ko akwai hanyar da zan sauke kwanon nan in fitar da ita rana ba tare da na rasa ta ba? In faɗa mata ita kaɗai, ko in ɗauke ta mu je gaban Inna in faɗa sau ɗaya? Mace mai ciki wata huɗu za ta iya ɗaukar wannan maganar kuwa, ko ni ne dai nake neman wata sabuwar mafaka? Alhamis na tafe, takardar na cikin jakarta. Me zan yi?